Kumburin Ƙafar Fanta

Cikin Fanta na wata bakwai ƙafafunta suka kumbura, har munduwa ta fara cin nama. Mijinta falke ne, yana can Muniyo wurin ɗauko kanwa, sai surukarta Hajja ta sa aka kira Kulu ungozoma daga Zango.

Kulu ta danna ƙafar da yatsa, gurbin ya daɗe bai ciko ba. Ta ce, "A daina ba ta kunun kanwa."

"A gidan kanwa?" in ji Hajja. "Da shi na haifi tara."

Da Kulu ta fita, Hajja ta rage murya tana yi wa Fanta magana. Ai matar nan ce ta duba Shatu ta Dogo bara, ta ce za a sha wuya, Shatu kuwa ko arba'in ba ta yi da haihuwa ba ta rasu. Wa ya sani ko bakinta ne?

Maganar ta tsaya wa Fanta a rai. Da hantsi ta tafi gidan Kulu.

"Inna, me kika gani a jikin Shatu kafin ki yi magana?"

Kulu ta ƙura mata ido. "Hajja ce ta turo ki?"

"Ni na kawo kaina."

"Ƙafa irin taki na gani. Na hana kanwa, aka ci gaba da ɗura mata, har numfashi ya gagare ta."

"Duk wadda ta bari ta tsira?"

Kulu ta ce, "A'a. Guda ta rasu a Hamdara. Je ki tambayi Larai matar maƙeri da Zainaba mai fura, ba a gabana ba."

Larai ta rantse barin kanwar ne ya cece ta, amma Fanta ta lura 'yar ƙanwar Kulu ce. Zainaba ta ce ta bari, ta kuma sha rubutu, ba ta san wanne ya yi aiki ba.

Fanta ta dawo ba ta gama yarda da kowa ba. Ta riƙa karɓar kunun Hajja da hannu biyu, tana tuttular da shi bayan rumbu, kullum tana danna ƙafarta da kanta. Kwana goma sha biyu, kumburin ya fara saɓewa.

Da damina Fanta ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Hajja ta bi maƙwabta tana yabon kanwar ɗanta, ba ta kuma bar Kulu ta riƙe jaririyar ba bayan yanke cibi. Fanta dai ba ta faɗa wa kowa inda kunun yake tafiya ba.