Bayan da Bai Goyi Zahra'u Ba

Kantar shagon maganin da Suwaiba ke aiki a Yelwa, wanda ya ƙera ta dogo ya auna. Ranar da ta fara aiki, wani masunci ya leƙo, bai ga komai ba sai ƙullin ɗankwali, ya tambaya ko ba kowa ne. Aka yi ta dariya. Ita ba ta yi ba. Washegari ta zo da takalmi mai tsini, ƙwas-ƙwas, ta ƙaru da kusan taki guda, kuma tun daga nan ba ta sake zuwa aiki babu shi ba.

Tsayuwa ce daga safe har la'asar, a kan yatsu. Ciki ya turo gaba, ƙugu ya lanƙwashe, kafaɗu suka koma baya kamar mai ɗauke da tulu. Ko da ta haifi Zahra'u ta koma aiki, bayanta ya riga ya lalace. In ta dawo gida sai ta miƙe a tabarma tana cije leɓe.

Zahra'u 'yar fari ce. Suwaiba ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, kunya ta hana. Abu ɗaya ya rage mata wanda ba mai ganin laifinsa: goyo. Shi kuma bayan ya ƙi. Da ta ɗaura zani sai wani abu ya soke ta a ƙugu har ƙafa.

"Miƙo min ɗiyag ga," in ji Inna, mahaifiyarta, kullum. "Kin hau bisa ƙusa wuni guda, mi kika so baya shi yi?"

Haka Inna ke goya ta su tafi bakin ruwa sayen kifi, Suwaiba tana bin su da ido ta ƙofar ɗaki. Kewar yarinyar take yi alhali suna gida ɗaya. So take ta ji ɗumin nan a bayanta, da numfashi a wuya, ko da yawu ne ya jiƙa mata riga.

Taurin kai ya sa ta daɗe tana shafa man zafi. Sai da ƙawarta Sa'adiyya, wadda ke aikin jinya, ta tsayar da ita a jikin bango da takalmin, ta zura hannu ta bayan ƙugunta har gwiwar hannu, ta ce, "Kin ga ramin da kinka gina ma kanki?"

Suwaiba ta sa kafinta ya haɗa mata ɗan dandamali da katakon tsohon kwalekwale, ta ajiye a bayan kantar, ta koma silifa. Sauƙi ya zo, amma a hankali, sai da damina ta wuce.

Wata Juma'a da Inna ta shiga wanka, Suwaiba ta ɗauko zani, ta duba ba kowa, ta durƙusa a tsakar gida.

"Ke, zo hau," ta ce.

Zahra'u ta dube ta, ta yi dariya.

"Ni babba ce. Da ƙahwata nika tahiya."

Ta ruga waje wajen yara. Suwaiba ta daɗe a durƙushe, zanin a hannunta, babu inda ke mata ciwo a baya.