Gejin Man Fijon Sada

Tsohuwar Fijo akori-kura da Sada ya gada wurin mahaifinsa ta girme shi, amma ko ɗan cikinsa bai samu gatan da take samu ba. Da gejin da ke nuna yawan man cikinta ya mutu, sai ya tsinto wani a wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota a Ikara. Na wata mota ne daban. Ya shiga ramin daidai, allura ta motsa, shi ke nan ya ɗaure abinsa. Bai tambayi kowa ba ko fulot ɗin da ke auna mai a cikin tanki yana aiko da irin ƙarfin wutar da wannan gejin ya saba karantawa.

Ranar kasuwar Makarfi aka cika tanki a gabansa, ya aiki Bilya, ɗan ƙanwarsa da ke tuƙa masa, ya ɗauko masara a Gazara. Tafiyar nan da nan ce fa, ba nisa! Amma da Bilya ya dawo, Sada ya leƙa ya ga allura kwance a ƙasa.

Sada mutum ne mai saurin hannu. Ya ci kwalar Bilya yana tambayar wa ya sayar wa man. Bilya ya rantse bai tsaya ko'ina ba. Sada ya fasa masa baki, ya ɗaga murya a tsakiyar kasuwa ya kira shi ɓarawo.

Ai kuwa kafin ya rufe baki an ƙwace Bilya daga hannunsa. Wanda bai san abin da aka sata ba ma ya samo itace. Sada yana cewa ɗansa ne, a bari, aka bangaje shi ya faɗi. Aka rataya wa Bilya taya, aka shiga neman fetur. Wani ya zura tiyo a tankin Fijon ya zuƙa, Sada kuwa ya ji sanyi a ransa, don ya san babu komai a ciki.

Sai ga mai yana bulbulowa, jarka ta cika har tana zuba.

Sada ya rarrafa ya kife a kan Bilya, fetur ɗin da ake kwarara wa Bilya yana sauka a bayansa. Wanda ke shirin ƙyasta ashana ya san Sada, hannunsa ya tsaya. Ɗaya bayan ɗaya aka sulale.

Idon Bilya na hagu ya riga ya tsiyaye. Sada ya tallafo kansa yana kuka, yana neman gafara.

Bilya ya ce, "Kawu, ɗauke hannunka daga jikina."