Kwanon Hanne

Baiwa na cikin sauke katan ɗin ruwan roba daga Keke Napep idonta ya faɗa kan tabarmar zaure, ta ga wayam. Kwanon Hanne ba ya nan.

Da hantsi ta bar shi a wajen da hannunta, samira mai murfi cike da tuwon shinkafa, ga ƙaramin kwanon miya a bisa. Niyyarta in ta dawo daga kasuwar Gaya su shige ɗaki ita da mijinta, Fasto Irimiya, su cinye abinsu kamar yadda suka saba tun ranar da baƙi suka sauka. Ta sallami mai Keke ta shiga gida tana leƙa kicin da gindin randa.

Baƙin Turawa ne daga wata ikilisiya ta ƙasar waje. Sun zo su yi 'yan kwanaki suna auna idanun mutane, suna raba tabarau a ɗan cocin da ke bakin Unguwar Gaji, kan hanyar Gafasa. Mutanen kirki ne, wannan ba a musu. Sai dai sun zo da doka daga likitansu: ba sa sa komai a baki sai abin da Baiwa ta dafa da ruwan roba, don bara wani daga cikinsu ya sha kunun zaƙi a bakin hanya aka kwashe shi ranga-ranga zuwa Kano. To ita kuwa Hanne, maƙwabciyarsu ta katanga ɗaya, ina ruwanta da likitan wata ƙasa? Baƙo ya sauka a gidan maƙwabci, kwanonta sai ya je. Kullum ya zo Baiwa ta karɓa da godiya, su cinye ita da Fasto har suna nishi, ta wanke, ta jefa sabulu ko ɗan magi a ciki ta mayar, ta ce baƙi sun ci sun gode.

A tsakar gida ta tarar da Madam Elsa, shugabar tawagar, dattijuwa mai furfura, ta ɗaura zanin atamfa a karkace tana shanya tawul, fuskarta fal murna. Tun kafin a tambaye ta ta hau ba da labari da Turanci. Wai ta ga abinci yana zaune, su ba ci za su yi ba, ga yara birjik a gidan maƙwabta, sai ta ɗauka da kanta ta mayar. Ta yi sallama yadda aka koya mata, ta ajiye a gaban matar gidan, ta buɗe murfi, ta nuna yaran, ta nuna bakinta, ta yi ta cewa na gode. Matar dai ba ta ce komai ba, da alama mai kunya ce.

Baiwa ta ce, "To," ta laluba bakin turmi ta zauna.

Ba wanda zai gaya mata nauyin kwanon da ya dawo a cike. Shekarar da aka turo su garin nan aikin bishara, ranar Kirsimeti ta dafa shinkafa da kaji ta raba gida-gida, kwanukan suka dawo yadda suka tafi, wasu ko murfinsu ba a ɗaga ba. Da shekara ta zagayo ta kai kajin wajen mahauci Musulmi ya yanka a gaban jama'a, duk da haka suka dawo. Ta yi kuka a kicin har ta gaji ta daina. Sai wata Kirsimeti, cikin tarin kwanukan nan masu nauyi, ta ɗaga ɗaya ta ji shi sakayau. An cinye, an wanke, an sa ƙullin daddawa a ciki. Daga gidan Hanne ya fito.

Daga wannan kwanon komai ya biyo baya. Sauran mata suka fara amsa gaisuwarta da sakin fuska. Hanne ce ta riƙe ta ranar da naƙuda ta zo mata Fasto yana Ajingi. Da Babbar Sallah cinyar rago take aiko mata. Shekarar da aka yi ɗar-ɗar a gari kuwa, mijin Hanne, Malam Badaru, a ƙofar gidan Fasto ya riƙa shimfiɗa buzunsa yana jan carbi, bai ce wa kowa komai ba, ba kuma wanda ya matso.

Ta tashi ta nufi coci. Layin masu neman tabarau ya kai har gindin darbejiya, yawancinsu tsofaffin manoma ne daga Gafasa da ƙauyukan gefe. Fasto yana tsaye yana tafinta, gumi ya jiƙa masa riga. Ta yafito shi bayan ɗaki ta gaya masa. Ya shafa ƙeya, sannan ya ce abin bai yi daɗi ba, amma ta yi haƙuri, gobe da safe baƙin za su tafi, in sun tafi sai su shiga tare su ba da haƙuri. Ya ce matar nan da zuciya ɗaya ta yi, in aka kunyata ta wa ya sani ko baɗi za su dawo? Ya nuna mata wani tsoho da ya sa sabon tabarau yana juya tafin hannunsa yana dariya shi kaɗai.

Baiwa ta dubi tsohon, ta san mijinta bai yi ƙarya ba. Ta ce, "Su ne za su tafi, Fasto. Ni ina nan."

Ba ta jira amsarsa ba, ta yafa mayafi ta shiga gidan Hanne. Ta same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Can gefe, bisa wani kifaffen turmi, ga kwanukan nan a rana an rufe su, ko yaran gidan ba wanda ya raɓe su. Suka gaisa, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar gajiyar baƙi. Amma Hanne ba ta matsa mata a tabarma ba, kuma ba ta kira ta Baiwa ba.

"Matar Fasto, zabuwata na sa aka yanka," in ji ta, idonta a kan gyaɗa. "Na ji gobe za su tafi, na ce bari su tafi da ɗanɗanon garinmu a baki."

Baiwa ta fara bayani, likita, ruwan roba, mutumin bara. Hanne ta bar ta har ta kai aya, sannan ta ɗago.

"To kwanakin nan wa yake cinye mini abinci?"

Nan Baiwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "Ni da Fasto, Yaya Hanne."

Hanne ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce dama ta yi mamakin Baturen da yake suɗe miyar kuka tas. Ba dariya ta yi ba, Baiwa ma ba ta yi ba. Can ta ce ita ba zabuwar ce ta dame ta ba. A gaban surukarta da matan da suka shigo daka aka dire mata kwanonta, aka nuna 'ya'yanta kamar masu kwana da yunwa. Yanzu haka magana ta zaga gari, ana cewa ai ga irinta nan, mai cin abincin Kirista, su kuwa ƙyamar nata suke yi. Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe ta ce, "Da kike kuka a kicin shekarun baya ina jin ki ta katanga. Sai yau na san me kike ji."

Baiwa ta fito. Ta ji haushin Madam Elsa, ta ji haushin likitan da ba ta taɓa gani ba, amma haushin kanta ya fi. Da tun ranar farko ta gaya wa kowane ɓangare gaskiya, da ba a kai nan ba. Ita ce ta tsaya a tsakiya tana shafa wa kowa mai a baki.

Ta sami Madam Elsa a ɗaki tana shirya jaka. Ta zauna bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ba ta labarin kwanukan Kirsimeti tun daga farko har zuwa ƙullin daddawa. Ta gaya mata cewa a nan in an kawo maka abinci, ko ba za ka ci ba, ba ka mayar da shi; ka ba wani, kwano dai ya koma a wanke da ɗan abu a ciki. Mayar da shi a cike kuwa, cewa ka yi ba ka cin abin hannun mai shi.

Fuskar dattijuwar ta yi ja har wuya. Ta zauna riƙe da wata riga, ta ce ta yi shekaru tana kai tawaga ƙasashe, kullum tana gargaɗin matasa kada su raina mutane, ashe ita za ta yi. Ta tambaya ko ta kai wa matar kyauta. Baiwa ta ce kyauta yanzu ƙarin zagi ce. Ta tambaya ko ta je ta roƙi gafara. Baiwa ta ce za a amsa mata da ba komai, kuma shi ke nan an rufe ƙofa. Madam Elsa ta riƙa juya rigar da ke hannunta. Baiwa ta san abin da take aunawa: doguwar tafiyar gobe a mota da jirgi, ga shekaru, ga dokar da ita da kanta take tsare wa sauran. Ba ta roƙe ta ba, don ba ta ga tana da bakin roƙo ba.

Matar ta ajiye rigar ta ce, "Abincin yana nan?"

Bayan la'asar suka shiga. Matan daka ba su watse ba, taɓarya ta tsaya a hannunsu. Madam Elsa ta yi sallamarta ta koyo, ta cire takalmi, ta sauka kan tabarma da ƙyar tana dafa gwiwa. Ta nuna kwanukan da ke kan turmi. Ba wanda ya motsa, sai Baiwa ce ta je ta ɗauko ta ajiye a gabanta, ta zuba mata ruwa a buta ta wanke hannu. Tuwon ya sandare. Dattijuwar ta buɗe miya, ta sunkuyar da kai ta yi gajeriyar addu'a, ta gutsuri tuwo da yatsu uku kamar mai tsoron ya cije ta, ta tsoma a miya ta nufi baki da shi.

Hanne ta riƙe mata wuyan hannu.

Ta jawo kwanon miyar ta shinshina, ta yamutsa fuska. Miyar taushe ce mai gyaɗa, ta yini a ranar bazara, har ta fara kumfa a gefe.

"Ta juya," in ji ta. "Baiwa, ke ma ba ki da hanci ne? So kike baƙuwa ta kwanta ciwo a ce daga tukunyata ne? Gaya mata wannan zai ɓata mata ciki."

Baiwa ta fassara. Madam Elsa ta dube ta, ta dubi Hanne, lomar na hannunta ba ta san inda za ta kai ta ba. Wata daga cikin matan daka ta kasa riƙe dariya, sauran suka bi. Hanne ba ta bi su ba. Ta karɓe lomar ta jefa wa kaji, ta tsame naman zabuwar ta ajiye gefe, ta juye sauran a kaskon awaki. Ta durƙusa bakin randa ta wanke kwanukan da toka, ciki da waje, ba gaggawa, kowa yana kallonta. Da ta gama ta haɗa su ta rufe, ta zo ta ɗora a cinyar Madam Elsa.

"Ki ce mata ta tafi da shi, ta dawo mini da shi yadda ake dawo da kwano." Ta juyo ga Baiwa. "Ke kuma baɗi in ke kika ci, ki ce ke kika ci."

A hanyar komawa Madam Elsa tana gaba, ta tallafi kwanon da hannu biyu a ƙirji kamar akwai abin da zai zube. A bakin zaure ta tsaya ta tambayi Baiwa me ake sawa a ciki.

Baiwa ta buɗe baki za ta ce sabulu, sai ta fasa. Ta ce mata ta shiga ta duba jakarta, ta zaɓa da kanta.