Taswirar Madam Ruhaina

Madam Ruhaina tana sunkuye da gwangwanin farar ƙasa a hannu, tana ƙarasa zanen bakin teku, aka kaɗa ƙararrawar safe. Ta miƙe dafe da ƙugu ta dubi aikinta. Ghana ce guda shimfiɗe a filin makaranta, tun daga teku har Bawku, ga tafkin Volta da ta cika da bular wanki. Kwana biyu tana wannan wahala, kuma in gaskiya za a faɗa, kanta ya ɗan kumbura.

Shekararta goma sha huɗu tana koyar da 'yan aji biyar a wannan firamare ta unguwar Nima a Accra, darasin zama ɗan ƙasa kuwa shi ne abin alfaharinta. Ajinta babu irin wanda babu: Ga, Ewe, Asante, Dagomba, Frafra, ga 'ya'yan Zango. Bana, da yake gobe shida ga Maris, ranar 'yancin kai, ta shirya abin da take ganin ba a taɓa yi ba. Kowane yaro zai tsaya a kan garinsu cikin taswira, a yi rantsuwar ƙasa gaban iyaye, sannan duka su tako zuwa Accra su riƙe hannun juna.

A ƙasar nan kowa yana da garinsu, ko da bai taɓa shan ruwan garin ba. Yaron da aka haifa a Maamobi, nan maƙwabtan Nima, in ka tambaye shi, zai ce maka Kumasi ko Ho, don can kakanninsa suke. Kowace takardar gwamnati tana da wannan layin. Zango kuwa, a yadda aka koya wa Ruhaina, masaukin baƙi ne, ba a rubuta shi. Shi ya sa da wata yarinya mai suna Awabu ta rubuta Nima a aikin gida, ta soke da jan biro, ta ce ta koma ta tambayi manya. Washegari Awabu ta dawo da amsa tana murna: kakanta ya ce kakansa daga Kano ya zo.

Da aka fara jera yara komai ya tafi daidai. Akosua ta tsaya Kumasi cikin zanen kente, 'yan Tamale suka cika arewa har suna ture juna. Sai aka zo kan yara tara da ke riƙe da kwalaye masu Kano, Sakkwato, Yamai da Gawo. Ruhaina mace ce da ba ta son kuskure a taswira. Ta auna da ido, ta kai su can arewa, bayan layin iyaka. Kano ta faɗo kusa da famfon makaranta, inda ƙasa ke da laima. Nan Awabu ta tsaya cikin rigar ja da ruwan ɗorawa da kore, da baƙin tauraro a ƙirji, wadda kakanta Baba Tijani tela ya ɗinka mata. Ita kuma Madam ta je ta tsaya a Yendi, ta gyara mayafi.

Aka ɗaga tuta, kowa ya ɗora hannun dama a ƙirji. Daga inda take Ruhaina ta hango Awabu ta ɗaga hannu rabi, ta dubi farin layin da ke gabanta, ta dubi sauran takwas ɗin, sannan ta sauke hannun a hankali. Sauran ma suka sauke. A lokacin ne Ruhaina ta gane abin da ta yi, amma an riga an fara, ba dama ta tsayar.

Baba Tijani bai katse kowa ba. Sai da aka gama ya tashi daga bencin iyaye, ya shigo ta teku da sandarsa, ya ratsa ƙasar tun daga kudu har arewa, ya ƙetare iyaka, ya kama hannun jikarsa suka fita ta ƙofa. Sauran yaran sun taru a Accra, an riƙe hannu, iyaye sun tafa. Ruhaina ba ta ji tafin ba.

Da rana hedimasta ya kira ta ofis. Ya ce tsohon ya dawo shi kaɗai, yana neman takardar canjin makaranta, zai mai da yarinyar wata Islamiyya a Maamobi. Ya lallaɓa shi ya bari sai bayan hutu. Bai yi mata faɗa ba, ya dai ce in tana son ɗalibarta, yau ne ranar zuwa, ba gobe ba. Tana kuwa son ta. Awabu ce mai share allo ba a sa ta ba, ita ce mai raba faɗa da Twi da Ga da Hausa, kowa da harshen da yake ji.

Bayan la'asar ta bi lunguna, tana tsallake kwata, ta wuce masu tuyar ƙosai da masu gyaran waya, har ta kai shagon. Baba Tijani ya karɓe ta da mutunci, wanda ya fi mata zafi da a ce ya kore ta. Ya sa aka ba ta kujera da ruwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta yi bayanin cewa nufinta a nuna kowa daga inda ya fito, daga baya a haɗu wuri ɗaya. Da ya ƙara minti biyu, da ya ga jikarsa a tsakiyar Accra.

Ya saurare ta har ta gama, yana warware wani ɗinki da reza. Sannan ya ce shi da Ghana sa'o'i ne, shekara ɗaya aka haife su, a ɗakin da ke bayan shagon nan aka yanke masa cibiya. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Wansa Habib, wanda shi ma a ɗakin nan aka haife shi, ba shi da takardar haihuwa, don a lokacin wa ke zuwa asibiti. Aka tambaye shi garinsu, ya ce Kano, yana jin daɗin faɗa. Ya hau babbar mota da tabarma ɗaya zuwa garin da bai san kowa ba. Wasiƙa biyu suka samu, daga nan shiru har yau.

"Da yarinyar nan ta tambaye ni, ni ma da jin daɗi na faɗa mata," in ji shi. "Ban san amsar da za a tsayar da ita a kai ba ce. Laifin ba naki ba ne ke kaɗai."

Ya jawo littafin aikin Awabu daga ƙarƙashin keken ɗinki, ya buɗe ya miƙa mata. Ga Nima da rubutun yarinya, ga jan biro ya ratsa shi, ga kuma rubutun Ruhaina a gefe, tsaf, babu ko kuskuren harafi. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Ke kuma na ga a Yendi kika tsaya," ya ce, bai ɗago kai ba. "Ba jikar Malam Abdulmajeed mai goro ba ce ke? Na Zongo Lane? Ni na ɗinka masa rigar Sallarsa ta ƙarshe. Bakatsine ne, har ya rasu bai daina faɗa ba."

Gaskiya ya faɗa. Tun ranar da za ta cike takardar kwalejin malamai gwaggonta ta ce ta rubuta Yendi, ya fi sauƙi, ba mai yi mata tambaya ta biyu. Sau ɗaya ta taɓa zuwa garin, biki, kwana biyu. Shekara ashirin tana rubuta shi har ta manta aro ne. Yau ta tsaya a cikin layi da garin aro, ta tura yaran da suka faɗi gaskiya waje.

Ta roƙe shi ya bar Awabu ta ƙarasa shekara, ta yi alkawarin za ta tara makaranta duka ta gyara abin da ta ɓata. Ya ce ya yafe mata har ga Allah, kuma ta gyara ɗin saboda sauran takwas. Amma shi idonsa ya riga ya gani, ba zai iya raka yarinyar ƙofar nan kullum da safe yana kallon famfon ba. Ya faɗa a hankali, ya koma kan ɗinkinsa, ta san magana ta ƙare.

Ya ƙwala wa Awabu kira ta raka Madam bakin titi. Yarinyar ta fito, ta cire rigar tutar, tana sanye da ta zaman gida. Ta karɓi jakar Madam ta rungume kamar yadda take yi a makaranta, suka bi lungu. Ruhaina tana ta shirya kalmomi a ranta, duk wadda ta ɗauko sai ta ji ta allo ce. Da suka iso inda motocin haya na trotro ke tsayawa, yaran mota na ta kiran masu zuwa Circle, Awabu ta miƙa mata jakar, ta tsaya tana murza gefen zane, ta ce da Hausar yaran Nima da ba ta raba mace da namiji:

"Madam, in na je sabon makaranta, in ana rantsuwa, in sa hannu a ƙirji?"

"Ki sa, Awabu. Ke 'yar ƙasar nan ce, kamar kowa. Ni na yi kuskure."

"To in sun tambaya garinmu fa? Wane zan faɗa?"

"Ki ce Nima."

Yarinyar ta dube ta, ba da fushi ba, da irin kallon ɗalibar da ke son ta ci jarrabawa.

"Amma kai ka soke shi, Madam."

Motar ta cika ta tashi, wata ta zo ta tsaya. Awabu ta ɗan rusuna ta ce sai an jima, ta juya da gudu cikin lungu. Ruhaina ba ta hau ba. Tana nan tsaye rungume da jakarta, da jan biron a ciki, har aka kira magariba.