Inna Tasallah da Akwatin Banda

Maguna ne suka fara tona asirin gangar Issoufou. Wata Juma'a Abu Najwa ya sauko daga bene cikin farar jallabiya, an goge ta har tana ɗaukar ido, ya kama hanyar masallacin Ƙuba a nan Madina, sai ga magunan unguwarsu ta Ƙurban a bayansa kamar 'yan rakiyar ango. Ya tsaya, suka tsaya. Ya daka musu tsawa, suka ja da baya kaɗan, suka dawo suna shinshinar gefen rigar. Masu shagunan layin, waɗanda magana ba ta kwana a bakinsu, sun rantse har cikin sahu mutumin yana ƙanshin naman banda, wai na kusa da shi sai haɗiyar yawu yake yi.

Abu Najwa shi ne mai gidan. Yana zaune a sama da iyalinsa, ya ba Issoufou hayar ƙasa, haɗe da ɗan filin baya da ake kira hosh. Shi Issoufou mutumin Maraɗi ne, aikinsa lodin jakunkunan alhazai a filin jirgi. Duk mako yana ɗaga kayan mutane, ranar Juma'a kuwa sai ya ɗaga murfin gangarsa, wata tsohuwar ganga da ya raba biyu ya ɗora mata raga. Tun hantsi zai hura gawayi ya jera nama, kafin a gama saukowa daga masallaci hosh ya cika: 'yan Kano, 'yan Damagaram, mutanen Sudan da na Chadi, kowa da irin Hausarsa. A nan ake jin wa ya samu aiki, wa iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, wa kuma ya fara yawan bin wani layi yana zuba turare ba gaira ba dalili. Auren Saminu direba da Safiyyatu ma a gefen gangar nan aka ƙulla shi, ko da yake su biyun har gobe musu suke yi.

Sai dai hayaƙi ba ya neman izini kafin ya hau bene.

Da yammacin ranar magunan, Abu Najwa ya tsaya a bakin hosh, hannuwa a baya.

"Ya Issoufou, wallahi kai mutumin kirki ne," in ji shi. "Amma hayaƙinka ya shiga na'urar sanyi, ya shiga shanya, ya shiga hancin Ummu Najwa. Juma'a mai zuwa zan sauko da ƙafata. In na ga hayaƙi yana hawa wurina, khalas. Ko a daina nama a hosh ɗin nan, ko ku nemi wani gida."

Issoufou bai ga na zaɓa ba a cikin biyun. Gida mai hosh a Ƙurban ba a tsintarsa a hanya, shayi kaɗai kuma ba ya riƙe Bahaushe zaune har la'asar.

Wani abokin aikinsa ne ya ba shi labarin akwatin banda mai bango biyu. Tsakanin bangon an cusa wani abu kamar auduga wanda wuta ba ta ci, bakin ƙofarsa da roba, ga ɗan bututu a sama. Tunda zafi ba ya gudu, gawayi kaɗan yake ci, hayaƙinsa kuma siriri kamar na turaren wuta. Issoufou ya raɗa wa matarsa Radiyya a kicin cewa zai je ya sayo. Uwarta, Inna Tasallah, tana can ɗakinta, ita da in an kira ta shan magani sai an maimaita, amma raɗa tana jin ta ta bayan ƙofa a rufe.

"Da ni za a," ta ɗaga murya. "Ba a sayen tukunya babu tsohuwa."

To, ga inda gizo ke saƙa. Tun da Issoufou ya auri Radiyya bai taɓa haɗa ido da surukarsa ba, bai taɓa cin ko dabino a gabanta ba, balle ya ce mata a'a. Ita ma ba ta kama sunansa, Malam take ce masa, kuma ko yana tsaye a gabanta sai ta bi da maganar ta kan 'yarta.

Shagon yana unguwar Aƙiƙ. Mai shi, Abubakar Siddiƙ, Bahaushen Sudan ne mai tumbi da fara'a.

"Marhaba da Hajja! Yau shagona ya yi albarka."

Ya nuna musu iri biyu. Ɗaya ja, dogo, yana sheƙi, bangonsa ɗaya. Ɗayan baƙi, gajere, mai nauyi, kamar ƙaramin firji. Idon Issoufou tuni ya manne wa baƙin. Inna Tasallah kuwa ta naɗe hannun abaya, ta lanƙwasa yatsa, ta ƙwanƙwasa jan. Ƙwal! Amon ya zaga shago ya dawo.

"Ma sha Allah. Kun ji lafiyayye."

Ta matsa ga baƙin. Dum. Ta kara kunne, ta sake bugawa ta gefe. Dum. Sai ta ja da baya, ta dubi mai shago irin duban da ake yi wa wanda aka kama da hannu a cikin miya.

"Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. A garin Manzo kake sayar da tsagaggen kaya?"

"Tsagagge kuma, Hajja? Jiya-jiyan nan aka fito da shi daga kwali."

"Tun uwarka ba ta yi haƙori ba nake zaɓen tukwane a kasuwa. Tukunyar kirki in ka buga ta, amsa maka take yi. Wadda ta yi gum, da ciwo a cikinta."

"Bango biyu ne da shi, tsakaninsu a cushe yake, shi ya sa..."

"A cushe! To ka faɗa da bakinka. An toshe tsaga ke nan."

"Ya Ummi," in ji Radiyya, wadda Hausarta ba ta tafiya nesa sai ta yi tuntuɓe da Larabci, "hada ƙarfe ne fa, mu tukunyar ƙasa ba."

"Ke rufa mana baki, 'yar Madina. Ke da kika buɗe ido a kan risho, me kika sani?" Ta gyara mayafi, ta dubi bango. "A tambayi Malam, ai shi ne mai saye."

Issoufou ya dubi takalminsa. Ya san jan nan gangarsa ce aka yi wa kwalliya. Ta kowace kusurwa zai yi yoyon hayaƙi, kuma Juma'a ba ta da nisa. Ya buɗe baki, gumi ya gangaro masa ta bayan kunne.

"Yadda Inna ta gani," in ji shi.

Abubakar Siddiƙ ya dubi fuskar bawan Allah, ya gane ciwon, don shi ma yana da suruka.

"Ciniki ba ya kyau da ƙishi," ya ce. "Ku zo baya ku sha shayi tukuna."

Bayan shagon akwai rumfa da darduma da wata 'yar kujera. A kusurwa ga wani baƙin akwatin tsaye, duk jikinsa ɗigon mai. Inna Tasallah, da ƙafafu suka fara yi mata tsami, ta ja kujerar ta zauna, ta jingina bayanta da akwatin, ta yi ajiyar zuciya. Shayi na shiga hannunta baki ya buɗe. Ta ba da labarin wata maƙwabciyarsu da ta sayi randa ba ta ƙwanƙwasa ba, ruwa ya tsiyaye cikin dare ɗaya, daga nan ta zarce kan mijin matar, daga mijin ta gangara kan ƙanwarsa da aka ce ta yi rinin gashi.

Issoufou, da yake ba ya iya duban fuskarta, sai ya dubi saman kanta. A nan ya ga wani siririn hayaƙi yana fita daga bututu, yana ɓacewa kafin ya kai rufin rumfa. Ya dubi mai shago. Mai shago ya kashe masa ido ɗaya. Radiyya ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa.

Can Inna ta katse labari, hancinta ya motsa.

"Wa ke gashi a maƙwabta? Ƙanshi nake ji kamar daga nesa."

"Hajja, ɗan matsa kaɗan," in ji Abubakar Siddiƙ. "Zan ɗauki abincin rana."

Ya buɗe ƙofar akwatin. Tururi ya bugo, ga kafaɗar rago kwance a kan raga ta yi jawur, mai yana tsatsafowa, can ƙasa garwashi yana ƙyafta ido. Inna Tasallah ta miƙe da saurin da rabonta da shi tun tana amarya.

"Innalillahi! Da wuta nake jingine?"

Ta shafa bayanta, ba abin da ya same shi. Ta taɓa jikin akwatin da yatsa ɗaya, sannan da tafin hannu. Ɗumi ne kawai, irin na goshin jariri.

"Tun asuba yake ciki," in ji mai shago, "da gawayi cikin tafi biyu."

Ya ja ƙashin, ƙashi ya fito fes ya bar naman a baya. Ya miƙa mata yanka. Ta juya wa surukinta baya, ta saka a baki. Haƙoran da suka rage mata ba su sha wata wahala ba. Kowa ya zuba mata ido, yana jiran ya ji ta inda za ta ɓullo. Amma tsohuwa ba ta faɗuwa, sai dai a ce zama ta yi. Ta lashe yatsa, ta lanƙwasa shi, ta ƙwanƙwasa akwatin.

Dum.

"Yawwa," in ji ta. "Kun ji bambanci? Wannan lafiyarsa ƙalau. Na cikin shago ne mai tsaga."

"Hajja, ai iri ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya!"

"Ni ma da ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ita ta cika gulma. Wannan za a ɗauka."

"Wannan na kaina ne fa. Na daɗe ina aiki da shi, dubi mai a jikinsa."

"An gwada shi ke nan. A tambayi Malam."

Issoufou ya sunkuyar da kai, wannan karon don ya ɓoye haƙoransa.

"Yadda Inna ta gani."

Abubakar Siddiƙ ya yi dariya har ya dafa rumfa, ya share hawaye, ya ce ya sallama. Aka jira garwashi ya mutu, aka kira Saminu ya zo da a-kori-kurarsa. Rabin kafaɗar ragon kuwa a jakar Inna ta tafi, wai gyara.

Ranar Juma'a Issoufou ya kafa akwatin a kusurwar da ta fi nisa da tagogin sama, ya shafe nama da yajin ƙuli, ya hura ɗan gawayi ya rufe. Mutane suka fara shigowa bayan salla, wasu da fuska a sanyaye, don tun daga bakin layi ba su ga alamar komai ba.

"Yau azumi ake yi a gidan nan?" in ji Saminu, shi da ya ɗauko akwatin da motarsa.

Ana cikin dariya aka ji takun silifa a kan matakala. Hira ta mutu. Abu Najwa ya shigo, hannuwa a baya, hanci a sama. Ya amsa sallama a gajarce, ya zaga hosh, ya tsaya gaban akwatin. Ya bi zaren hayaƙin da ido, ya ga ya narke tun bai kai rabin bango ba. Ya ɗaga kai ya dubi shanyarsa, fara fat tana kaɗawa. Ya taɓa ƙarfen, ya dubi tafinsa.

Issoufou ya yi bisimilla a zuci, ya buɗe ƙofa. Ƙanshin da aka tsare tun hantsi ya fito gaba ɗaya ya cika hosh.

"Tafaddal, ya Abu Najwa. Wanda ya tarar da ci, ba ya tsayawa."

"Dubawa na zo, ba ci ba," in ji shi, yana cire silifa.

Ya zauna a gefen darduma, wai don kada ya ɓata wa mutane. Aka tura masa faranti. Ya ɗauki ƙaramin yanka don ladabi, sannan wani don tabbatarwa, daga nan kuma ba wanda ya ƙirga, in ban da Inna Tasallah da ke leƙe ta labulen ɗakin mata tana kai rahoto ciki.

Da faranti ya koma ƙashi, Issoufou ya matso da butar wanke hannu, ya zuba masa ruwa, murya ƙasa-ƙasa.

"To, ya Abu Najwa... maganar hosh fa?"

Mai gida ya goge hannu a hankali, ya sake ɗaga kai ya dubi tagarsa, inda labule ya ɗan motsa.

"Yau dai ban ga komai ba," in ji shi. "Amma yau babu iska. Ba a yanke hukunci da gani ɗaya. Juma'a mai zuwa zan sake saukowa in duba."

Ya saka silifa, ya kama matakala. Ya taka biyu, ya juyo.

"Yajin nan, a ɗan ƙara shi."