Gishirin da Inoussa Ya Goya

Inoussa maɗinki ne a unguwar Dagmanet, amma wanda bai san shi ba sai ya ɗauka ɗan kokawa ne. Shekara tara yana ɗaga ƙarfe. Saura sati biyar a yi gasar masu gina jiki a Yamai, sikeli ya nuna masa kilo casa'in da ɗaya, ajinsu kuwa ba a wuce tamanin da biyar. Ya gwada gudu kwana shida, gwiwa ta kumbura.

Mourtala, dattijon da ke horar da shi, ya ce, "Bar gudun nan, naman jikinka zai cinye tare da kitsen. Tafiya za ka yi da sauri, awa guda bayan asuba, kafin ka karya, da kaya a baya."

Ya ara masa wata baƙar igiya da ake ɗaurawa a ƙirji tana ƙirga bugun zuciya, da agogonta. In bugun ya haura ɗari da arba'in agogon zai yi ƙara, sai ya sassauta. Kayan nauyi kuwa, Inoussa ya fasa kantun gishirin Bilma na matarsa Ramata, ya naɗe guntayen a tsummoki, ya cusa a baƙar jaka.

Ran kwana na takwas da fara tafiyar ya gaji da lungunan unguwa, ya miƙe hanyar bayan gari. Gari bai gama wayewa ba. Kansa a sunkuye, yana ta zabga sauri, bai lura ya doshi shingen sojoji ba sai da ya ji tsawa.

"Tsaya nan. Hannu sama."

Su uku ne. Ƙaraminsu ya riga ya durƙusa bayan buhunan yashi, bakin bindiga na kallon cikin Inoussa. Babbansu, mai furfura a gemu, ya tambaya daga nesa, "Mene ne a jakar?"

"Gishiri ne, shef."

"Gishiri. Ɗaga rigarka da hannu ɗaya, a hankali."

Sai a lokacin Inoussa ya tuna abin da ke ƙirjinsa. Ya ɗaga rigar, igiyar ta fito fili da ɗan akwatinta a tsakiya. Nan take agogon ya fara ƙara.

Ya ji ƙaramin sojan ya ɗana bindiga.

"Shef, don Allah, zuciyata yake ƙirgawa. Tsoro ne ya sa shi kuka. Motsa jiki nake."

Agogon bai daina ba. Gumi na shiga idonsa, bai isa ya share ba. Ya yi ƙoƙarin jan numfashi a hankali yadda Mourtala ya koya masa, ƙirjin ya ƙi.

Can babban ya ce, "Nasser, ɗauke yatsanka daga nan." Ya juyo. "Kai kuma, sauke jakar. Zazzage ta da kanka, ka ja baya taku goma."

Inoussa ya kwance tsummokin ɗaya bayan ɗaya. Sannan aka sa ya ɓalle igiyar ya jefar a ƙasa. Agogon ya yi shiru. Babban ya matso, ya taɓa guntu ɗaya da takalmi, ya tsuguna ya ɓantari kaɗan ya sa a harshe. Ya tofar.

Sun riƙe shi har hantsi, zaune a ƙasa, sai da aka kira Mourtala ya iso a kan babur da katin Inoussa da takardar gasar. Babban ya karanta, ya miƙa musu.

"Malam, yaron nan watansa biyu da fara aiki. Da ya harba, ba zan ga laifinsa ba. Kada in sake ganin ka ta nan da kaya a baya."

A hanya Mourtala ya ce, "Laifina ne, ban faɗa maka inda za ka bi ba." A ƙofar gida Inoussa ya zauna a dakali har Ramata ta leƙo ta tambaye shi ko lafiya.

Washegari bai fita ba. Bayan kwana biyu ya koma zagaya filin ƙwallo, hannu sake, awa ɗaya da kwata. A Yamai sikeli ya ba shi tamanin da huɗu da rabi. Ya zo na huɗu.