Dutsen Sikelin Malam Sila

"Sha bakwai," na ce a raina, na tsaya da taɓarya a hannu ina jiran na sha takwas. Shiru. Sai tari daga bayan danga.

Shekara huɗu nishin maƙwabcinmu Malam Sila yana taya ni daka. Mutumin Zuru ne, tsohon malamin makaranta a nan Jega. Kullum da safe yakan kama wani dutsen sikeli na ƙarfe mai mariƙi, wanda ya samo a kasuwar auduga, ya lilo da shi ta tsakanin ƙafafunsa, ya cillo shi daidai ƙirji, sau hamsin cif. Mijina Gambo kan ce ƙarfin nan da gonar albasa a Aliero aka kai shi, da ya yi rana.

Dariya muke, amma mun san dalili. Matarsa Mama Helen ɓarin jikinta ya shanye, ga ta mace mai jiki. Shi ke ɗauko ta daga gado zuwa banɗaki, daga nan zuwa inuwar darbejiya, kuma Allah bai ba su haihuwa ba.

Hamsin ta koma talatin, ran nan ga ta sha bakwai. Na ajiye taɓarya, na ɗauka, na sake ajiyewa. Na yafa gyale na shiga gidansu.

Yana zaune a kan turmi, ƙafafunsa sun kumbura suntum.

"Malam, ka bar ƙarhen ga hakanan," na ce. "Kashe ka za shi yi."

"In na bari wa zai ɗauke ta? Gambo?" Ya nuna dutsen da haɓa. "Zubaida, zo ki ɗaga."

Na sunkuya kamar mai ɗaukar tulu, bayana ya ce ƙas.

"Ba da baya ba! Tura ƙugu, ki miƙe da ƙarfi. Hannu igiya ce kawai."

Mama Helen na kallo ta taga, tana dariya da rabin baki. Kunya da haushi suka kama ni. Sau uku na yi, na yar, na ce ni ba 'yar dambe ba ce, na yi ficewata. Kwana biyar ban leƙa ba, kuma har yau kwanakin nan suna ci mini rai.

Ran na shida da hantsi, ba nishi ba tari, sai muryar Mama Helen tana kiran sunana. Na ruga, na sami Malam Sila a ƙasa, ya jingina da gado, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta. Rai ya yi halinsa.

Da mutanen cocinsu suka zo da akwati, Mama Helen ta ce sai ta raka shi ƙofar gida. Maza suka tsaya cirko-cirko, ba mai iya taɓa ta. Mu mata huɗu muka naɗe ta a bargo, muna ja muna tuntuɓe.

"Ni fa ba buhun albasa ba ce," ta ce a hankali, ta rufe ido.

Washegari na kasa zama, na kasa daka. Na shiga gidan. Dutsen na nan inda ya bar shi, mariƙin ya yi sumul da hannunsa. Na ɗaure gyale a ƙugu, na kama.

Na yi uku, na tsaya ina haki.

"Huɗu," in ji Mama Helen daga taga, tana jira.